Farantin gilashi na hannu: a sa shi a injin wanke-wanke ko a'a?

Maman Husna: Salamu alaikum. 'Yan uwa ku raba mana gardama. Akwai wata mata a kasuwar masu sana'ar hannu nan Manchesta, tana sayar da farantan gilashin da take yi da kanta, irin waɗanda ake jera gilasai masu launi a narka su cikin tanderu su zama ɗaya. Ta ce a sa su a injin wanke-wanke, ba abin da zai same su. Maigida ya ce daɗin bakin ɗan kasuwa ne. Wa ke da gaskiya?

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Matar ce da gaskiya. Abin da ya shiga wuta mai zafin kusan digiri 800 ya fito lafiya, ruwan digiri 65 ne zai ba shi tsoro? Nawa kullum cikin inji suke kwana, ko ɗaya bai tsage ba.

Rukayya: Anti, a yi mini afuwa, lissafin bai tafi haka ba. Na ɗan koyi aikin nan. Yawan zafi ba shi ke fasa gilashi ba, abin da ke fasa shi shi ne gefe ɗaya ya yi zafi ya buɗe alhali ɗayan yana sanyi. Farantan nan kuma suna da kauri, galibi fallen milimita 3 biyu ake haɗawa, wani wurin ma ya fi wani tudu saboda ado. A tanderu a hankali ake hawa, a hankali ake sauka. Kamfanin Bullseye na Fotlan a Amurka, wanda masu sana'ar da yawa ke sayen gilashinsa, ya ce a tsayar da wuta a digiri 482, kamar awa guda ga kaurin milimita 6, kafin a ci gaba da hucewa. In mai yi ta yi gaggawa ta tsallake wannan, farantin zai fito kyakkyawa amma cikinsa a ɗaure yake tamau, jira kawai yake.

Anti Bilki: To ai laifin mai yi ne, ba na inji ba.

Rukayya: Haka ne, amma ke da kika saya ta ina za ki sani? Ido ba ya gani. A wurin koyo mukan sa gilashin tsakanin ledoji biyu masu tace haske, irin na tabarau mai kashe ƙyalli, a juya ɗaya har ko'ina ya yi duhu. In akwai matsala sai ki ga wani farin haske ya kewaye ɗigon launin kamar zobe. Yawanci hakan na faruwa in an haɗa gilashi mai lamba 90 da mai lamba 96 (lambar da ke nuna yawan buɗewar gilashi da zafi), don ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna. Irin wannan ko a kabad ma yana iya cewa ƙas da kansa.

Hajiya Larai: Ni duk wannan lambobin ba su dame ni ba. Abin da mutum ya ɓata yini yana yi da hannunsa, ke minti biyu na soso ya gagare ki? Allah ya shirya yaran zamani.

Maman Husna: Hajiya, yara huɗu da aikin dare fa.

Dr Asabe: Kun tsaya kan fashewa, ni abin da na fi gani shi ne dusashewa. Sabulun inji yana da kaifi sosai, a hankali yake cin fuskar gilashi, kuma ya fi ci inda ruwa ba shi da alli. Bilki tana Landan, ruwansu cike da alli, farin da zai hau mata faranti in ta goge da khal zai fita. Ke Maman Husna ruwan Manchesta mai laushi ne. In naki ya yi hazo, gilashin ne ya ciwu, ba khal ɗin da zai dawo da shi.

Anti Bilki: Kofunan shan ruwanmu fa? Da kwanukan gashi na Pyrex? Duk ba gilashi ba ne?

Rukayya: Pyrex da ake sayarwa a Turai wani irin gilashi ne daban, buɗewarsa da zafi kamar kashi ɗaya cikin uku ne na wannan. Kofuna kuma sirara ne, masu arha, in sun yi hazo ki sake wasu. Amma na yarda da ke a abu ɗaya: faranti mara tudu, mai santsi, wanda aka hucar yadda ya kamata, zai jure inji a bene na sama da wanki mara zafi sosai. Mai zanen zinariya ko fenti mai walƙiya a sama kuwa, kada ma a fara.

Anti Bilki: Alhamdu lillahi, an zo wurin. Nawa masu santsi ne, ja da ruwan lemo.

Dr Asabe: Ja kika ce? Ja, ruwan lemo da rawaya sau da yawa da sinadarin kadmiyam mai guba ake samo su, wasu ruwan hoda kuma akwai dalma a ciki. Shi ya sa ake so a rufe fuskar da abinci ke taɓawa da fallen gilashi mara launi. Duba gefen farantinki da kyau, Bilki: in jan ne a sama tsirara, daina zuba miyar tumatir a ciki, kuma daina ba sabulun inji yana kankare shi.

Anti Bilki: Ina zuwa, bari in ɗauko tabarau.