Taƙaitawa: hulɗar masu fasaha a lokacin yaƙi

Muhawarar da aka yi kan ko ya dace a yanke hulɗa da masu fasaha da cibiyoyin al'adu na ƙasar da ta kai hari ta yi tsawo, ga abin da aka tsayar:

1. Kowa ya yarda kada a taɓa gidajen tarihi. Yarjejeniyar Hague ta 1954 ta ba su kariya.
2. Galibi sun ce a yanke hulɗa da cibiyoyin gwamnatin da ta kai hari, amma kada a hukunta mawaƙi saboda fasfonsa kawai.
3. Kan korar Rasha daga Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai, a 2022 aka rabu. Wasu sun kafa hujja da ƙauracewar da aka yi wa Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata. Wasu suka ce son kai ne, tunda an bar Isra'ila ta shiga gasar a 2024.
4. Tilasta wa mai fasaha sukar gwamnatinsa: yawanci sun ƙi, don iyalinsa suna can gida.