Kaya sun cika min ɗaki amma zuciyata ba natsuwa, ku ba ni shawara dan Allah

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a ɓoye sunana.

Wata huɗu kenan da rasuwar mahaifiyata. Ranar da za mu haɗa kayanta ni da ƙannena biyu mun ware yini guda, wallahi bayan azahar muka fara kafin a kira la'asar mun gama. Akwati ɗaya ne tal, sai Alƙur'aninta da tabarau, sai wata dadduma da muka sha cewa ta bari a canza mata tana ƙi, gurin goshi da gurin gwiwa duk sun koɗe har zare ya fito. Kuma ba rashi bane, muna yi mata hidima daidai gwargwado, ashe duk abin da muka kai mata ba ya sati a hannunta, sai a bakin masu zuwa ta'aziyya muka dinga jin inda kayan suke tafiya.

Da na dawo gida na buɗe wadirob ɗina sai kawai na zauna a ƙasa ina kuka. Takalma ne wasu ko daga kwali ban ciro su ba, jakunkuna a ledarsu, kayan da na saya dan kawai naga an yi ragi. Ina aiki kuma albashina ba laifi amma ba ya kai ni ashirin ga wata, yanzu haka mutum uku ke bina bashi kuma ba na asibiti bane ba na makarantar yara ba, duk na kwalliya ne. Abin da yafi tayar min da hankali sallata ce, sai na kabbara na tsinci kaina ina tunanin wani labule da na gani a Instagram ko mai kawo oda ya kira bai same ni ba, har na rasa raka'a ta nawa nake, ƙabli da ba'adi sun zame min kamar cikon salla.

Yanzu ji nake kamar na rabar da komai, na bar kaya kala uku, na saida wayar, har kujerun falo nace a fitar. Maigida yace na zurfafa da yawa, wai baƙin ciki ne ke magana ba ni ba. Ƙawayena kuma da suka ga na daina saye sun fara tambaya wai ko karaya aka samu. Ni so nake na rayu irin rayuwar Mama, na samu natsuwar da nake gani a fuskarta in ta idar da salla. Ta ina zan fara? Kuma son kaya masu kyau laifi ne a addini?

Anti Babba:
Allah ya jiƙan Mama yasa ta huta, ya ba ku haƙuri. 'Yata ki saurari mijinki, yana da gaskiya a wannan. Ni da kike gani nayi irin abin da kike shirin yi bayan rasuwar yayana, cikin sati ɗaya na kwashe kusan komai na bayar, shekara bata zagayo ba na sake cika ɗakin har ya fi na da, saboda kayan na fitar amma son su yana nan daram a raina. Sannan kujerun falo ai ba naki bane ke kaɗai, akwai haƙƙin maigida da yara da baƙi, ba a tilasta wa mutanen gida zuhudu. Ki bar maganar kyauta tukunna, waɗannan takalman da ke kwali ki saida su ki biya mutane kuɗinsu. Sannu ba ta hana zuwa.

Maman Yara:
Wlh kamar labarina kika rubuta, musamman maganar salla. Na zauna nan ina jiran amsoshi.

Ɗalibin Ilimi:
Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya gafarta wa mahaifiyarki. Son kaya mai kyau ba laifi bane. A hadisin da Muslim ya ruwaito, da Annabi (SAW) ya ce wanda ke da ƙwayar zarra ta girman kai a zuciyarsa ba zai shiga aljanna ba, wani ya ce ai mutum yana son tufarsa ta yi kyau takalminsa ya yi kyau, sai ya amsa masa cewa Allah kyakkyawa ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. A suratul A'araf aya ta 31 an ce mu yi ado mu ci mu sha amma kar mu yi ɓarna, a Furƙan aya ta 67 kuma aka yabi waɗanda in za su kashe ba sa almubazzaranci ba sa ƙwauro, suna tsakiya.

Maganar rabar da komai kuwa, akwai sahabin da ya so yin haka, Ka'ab bin Malik. Lokacin da aka karɓi tubansa bayan yaƙin Tabuka, dan murna ya ce zai fita daga dukiyarsa gaba ɗaya sadaka, Annabi ya ce masa ya riƙe wani sashe, hakan ya fi masa alheri. Abdurrahman bin Auf attajiri ne na gaske kuma yana cikin goman da aka yi wa albishir da aljanna. To kinga ba yawan abin ake dubawa ba, ana duba ina ya zauna, a hannu ko a zuciya. Naki ya shiga zuciya tunda har yana binki cikin salla, kuma ganewar da kika yi rahama ce babba.

Ina goyon bayan Anti kan bashi sosai. An taɓa kawo gawa Annabi ya ƙi yi mata salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Sadaka mustahabbi ce, biyan bashi wajibi.

Wani Bawan Allah:
Ni dai nace ta bi zuciyarta ta rabar kawai, duniyar nawa take. Likkafani ba shi da aljihu.

Anti Babba:
Haka ne ɗana, amma masu bin ta bashi fa suna raye kuma suna da buƙatar kuɗinsu yau.

Mai Aikin Talla:
Hajiya ni aikina kenan, tallata kaya a intanet, to bari na faɗa miki abin da muke yi dan ki daina ganin kamar ke ce kawai mai raunin zuciya. Facebook da Instagram na kamfani ɗaya ne, Meta, kuma kusan duk kuɗinsu daga talla suke samu, kenan zamanki a kan wayar shi ne hajar da suke sayar mana. Ba sai kin danna komai ba, tsayawar da kika yi kina kallon labulen nan ta isa, gobe labule zai biyo ki duk inda kika leƙa. Irin su "saura guda biyu" da agogon da ke ƙirga ragi zai ƙare, duk dan kar a ba ki damar yin tunani ne. Kuma ba yau aka fara ba, tun 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki irin su Osram da Philips suka haɗa baki aka rage ƙarkon ƙwai zuwa awa 1,000 dan a dinga saye akai akai. A 2020 ma Faransa ta ci tarar Apple yuro miliyan 25 kan rage saurin tsofaffin iPhone ba tare da sanar da masu su ba.

Kar ki saida wayar, wata za ki saya. Ki daina bin duk wani shafin saida kaya yau ɗin nan, ki fita daga guruf ɗinsu, ki goge lambar katinki daga manhajojin saye, ki kashe sanarwarsu. Duk abin da ya burge ki rubuta shi a takarda da kwanan wata ki ba shi kwana 30, ni mafi yawan abin da nake rubutawa in na dawo kansa sai na rasa me ma ya burge ni. Ki kuma kula da sabon abu ɗaya, shi ke jawo 'yan uwansa. Akwai wani masanin Faransa a ƙarni na 18, Didero, aka ba shi kyautar sabuwar riga ja, sai yaga kujerarsa da teburinsa duk sun muzanta kusa da ita, haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana canzawa. Sabon labule sai ya nemi sabuwar kujera.

Ƙanwarku:
Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ke raina. Wasunmu kala ukun da Anti mai tambaya ke son komawa shi ne duk abin da muka mallaka, kuma ba zaɓa muka yi ba. Amma wallahi hakan bai sa na zama mai zuhudu ba, ina kwana ina kallon kayan mutane a waya ina jin zafi a ƙirjina, nima ina ɓata sallar da tunanin abin da ban da shi. To indai ni da ba ni da komai ina fama da ciwo ɗaya da mai wadirob cike, ashe ba a wadirob ɗin matsalar take ba. A saka mu a addu'a mu ma.

Ɗalibin Ilimi:
Allah ya buɗa miki ƙanwata. Abin da kika faɗa shi ne ma'anar hadisin Bukhari da Muslim, wadata ba yawan kaya bace, wadatar zuci ce. Maganin da aka ba mu mu duka kuma a al'amarin duniya mu dubi na ƙasa da mu kar mu dubi na sama, dan kar mu raina ni'imar da muke ciki. Wayar nan kuwa na sama kawai take nuna mana daga safe har dare.

Baffa:
Abu ɗaya zan ƙara 'yata, dan na ga ya kayar da mutanen kirki. In kin rage kaya, ki tsare zuciyarki daga kallon ƙawayenki a matsayin 'yan duniya ke kuma kin tsira, wannan girman kan ya fi na takalmi haɗari dan shi a rigar addini yake zuwa. Kar ki yi sanarwa, kar ki ɗora hoton wadirob ɗin da kika kwashe, kar ki fara yi wa kowa wa'azi. Su ce karaya ce, bar su, ki yi murmushi kice alhamdulillahi. Ke da kanki kika ce sai bayan ranta kuka san mahaifiyarku tana rabarwa, shekara da shekaru ko ku 'ya'yanta baku sani ba. Kuma ki ci gaba da yi wa mijinki kwalliya, wannan ba ya cikin abin da ake ragewa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, na karanta har sau uku. Baffa maganarka ta taɓa ni dan gaskiya na fara jin hakan a raina game da ƙawayena, astagfirullah. Jiya na zauna da maigida na faɗa masa adadin bashin gaba ɗaya, wanda ban taɓa yi ba, yayi shiru ya daɗe sannan yace mu rubuta mu fara da wadda ta fi buƙata. Kujeru suna nan. Na ware takalma bakwai da jaka huɗu na sayarwa, shafukan kuma na fita daga guda 40 da wani abu, hannuna har rawa yake wajen wasu. Ƙanwata ki min magana ta akwatin saƙo dan Allah in ba damuwa. Daddumar Mama tana wajena, da asuba a kanta nayi salla, tunanin ya zo sau ɗaya a raka'a ta biyu amma ban manta ƙirga ba.