Me Za Mu Kira Sojan "Marine" da Hausa?

Malamai da abokan aikin fassara, akwai kalmar Turanci da ta daɗe tana ba mu wahala a labaran yaƙi, wato "Marine", kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu tsayar mata da suna guda. Tarihin hafsa ɗaya ya isa ya nuna inda gizo yake saƙa, shi ne Lewis Puller na Amurka, wanda dakarunsa suke yi wa laƙabi da Chesty.

An haifi Puller a jihar Virginia a 1898, ya shiga rundunar "Marine" ta Amurka a 1918, ya yi ritaya a 1955 yana Laftanar Janar. Idan muka ce masa "hafsan sojan ruwa", kamar yadda aka saba yi, duk wanda ya san tsarin soja a Najeriya zai ji maganar ba ta zauna ba, domin sojan ruwa ba su da Kanar ko Janar, Kwamodo da Admiral gare su. Kuma yaƙe-yaƙen Puller a kan ƙasa ya yi su. Ya fara da dazuzzukan Haiti da Nikaraguwa. A watan Oktoba na 1942 bataliyarsa ta kwana tana kare filin jirgin sama na Henderson a tsibirin Guadalcanal daga farmakin sojojin Japan, a 1944 ya jagoranci dakaru a tsibirin Peleliu inda aka yi asarar rayuka mai yawa, sannan a watan Disamba na 1950 ya riƙe garin Koto-ri a tsaunukan Koriya ta Arewa cikin matsanancin sanyi, alhali sojojin Sin sun yi musu ƙawanya.

Ruɗanin yana da tushe. Tun 1834 wannan runduna tana ƙarƙashin Ma'aikatar Sojan Ruwa ta Amurka, ko da yake tana da nata shugaban da nata kakin, kuma jiragen ruwa ne suke kai dakarunta bakin gaɓa su sauka su kama ƙasa, kamar yadda Puller ya yi a Inchon da ke Koriya ta Kudu a watan Satumba na 1950. Shi ya sa babbar lambar da ya yi suna da ita take ɗauke da sunan sojan ruwa, wato "Navy Cross", wadda lamba ɗaya ce kawai take gaba da ita a daraja. Sau 5 aka ba shi: biyu a Nikaraguwa, ɗaya a Guadalcanal, ɗaya a Cape Gloucester da ke tsibirin New Britain, ta ƙarshe a Koriya.

Wasu suna cewa "sojojin kundunbala". Kalmar tana da daɗi a baki, kuma ta dace da halin Puller, amma hali take bayyanawa, ba aiki ba. Mun riga mun ba da ita ga ƙananan rukunonin da ake horarwa don kai samame na musamman, ita kuwa wannan cikakkiyar runduna ce mai igwogi da jiragen sama, wadda ta fitar da manyan shiyyoyin dakaru 6 a Yaƙin Duniya na Biyu. Aron kalmar a rubuta "Marin" ma ba zai yi ba, saboda kunnen Bahaushe zai tafi ga mari ko marina.

Abin da nake ba da shawara shi ne "sojan ruwa da tudu", jam'i "sojojin ruwa da tudu". Hausa ta daɗe tana haɗa waɗannan kalmomi biyu idan tana nufin abin da yake rayuwa a wuraren biyu, kamar kwaɗo da kada, don haka mai sauraro ba ya bukatar ƙarin bayani. Sunan ya dace da takwarorinsu na Birtaniya, waɗanda asalinsu ya koma 1664, kuma suka sauka daga jiragen ruwa a tsibiran Falkland a 1982. Za a iya cewa sun yi yaƙi a Afganistan inda babu teku, amma hakan bai rushe sunan ba, tunda "tudu" yana cikinsa.

Game da lambobin, "lambar yabo" ta yi faɗi, domin ana ba ɗalibi da ɗan kasuwa. Wadda ake samu a bakin daga ta cancanci a ce mata "lambar jarumta", ta Puller kuma a kira ta "Gicciyen Jarumta na Ma'aikatar Sojan Ruwa", don kada sunan lambar ya sake mayar da mai ita matuƙin jirgi. Wadda aka ba shi saboda raunin da ya samu a Guadalcanal a ce mata "lambar rauni".

Abin da ya rage shi ne tsawon sunan a kanun labarai. Ina neman ra'ayin masu aikin rediyo: shin "dakarun ruwa da tudu" zai shiga kanu ba tare da ya yi nauyi ba, ko kuwa a gajarta a ce "sojan gaɓa" bayan an ambaci cikakken sunan sau ɗaya?