Allura ta soke ni a dutin dare, oga ya ce ba komai, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin dan Allah a saka min wannan amma a ɓoye sunana.

Ni nas ce a wani asibitin kuɗi nan cikin Kano, ban daɗe da fara aiki ba. Jiya wajen ƙarfe 2 na dare ina duti aka kawo wani bawan Allah yana ta amai ga zazzaɓi, na saka masa kanula na ɗaura ƙarin ruwa, na juya zan jefa allurar a kwalin da muke zubawa ashe kwalin ya cika maƙil har wasu alluran sun leƙo waje, ga NEPA sun ɗauke wuta ba a tada janareto ba da fitilar waya nake gani, kawai na ji wata ta huda safar hannun ta shige min yatsa. Jini ya ɗan fito. Abin da ya fi tayar min da hankali ban san ta wane mara lafiya ba ce, kwalin na wod ɗin ne gaba ɗaya, kuma mun daɗe muna cewa a kawo sabo.

Da safe na faɗa wa mai asibitin ya ce haba Sista ba komai, shi ma ya sha sokuwa, in goga sifirit kawai. Ina da aure, ina shayarwa, kuma ban taɓa yin rigakafin ciwon hanta ba. Ina tsoron in matsa a ce in ajiye aikin, da ƙyar na same shi wlh. Dan Allah masu sani a ba ni shawara.

Anti Matiron: Ƙanwata ajiye wayar nan ki sa hijabinki ki tafi yanzun nan, ba anjima ba. Ki je babban asibiti, Murtala ko na Malam Aminu Kano ko Asibitin Zana, ki ce musu ma'aikaciyar lafiya ce ke allura ta soke ki kina neman PEP. Maganin kariya ne daga HIV, ana shan sa kwana 28 kullum ba fashi, kuma dole a fara cikin awa 72, bayan nan ba ya amfani, amma kar ki ce ai ina da kwana uku, iya saurin farawa iya kyan aikinsa. Za su fara gwada ki tukunna don a san matsayinki na yau, sai a sake bayan sati 6 da kuma wata 3. Tunda ba a san mai allurar ba likitan ne zai auna ya yanke hukunci, ke dai ki faɗi komai yadda ya faru, har maganar shayarwar. Maganin HIV kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, kar kuɗi ya tsayar da ke.

Sannan ni abin da ya fi damuna a labarinki ba HIV ba ne, ciwon hantar nan ne nau'in B. Kowa HIV yake tsoro alhali idan allurar mai HIV ta soki mutum haɗarin kamuwa kusan 3 ne cikin 1000, amma na hanta B yana iya kaiwa 30 cikin 100 ga wanda ba shi da rigakafi, kuma ƙwayar tana iya yin kwana 7 a raye a busasshen jini, kin ga zaman allurar a kwali bai kashe ta ba. Ki ce a gwada miki ciwon hanta B da C, a fara miki rigakafin yau ɗin nan, akwai kuma wata allura HBIG, mai ba da kariyar gaggawa daga hanta B, da ake so a yi da wuri, tana da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba, ki tambayi likitan ko kina buƙata.

Abban Sadiq: Allah ya tsare. Da kin matse wajen sosai jinin ya fita sai ki tsoma yatsan a Jik, haka muke yi a kemis.

Anti Matiron: A'a Malam dan Allah a daina koya wa yara wannan. Ba a matsewa, ba a tsotsa, ba a sa Jik a ciwo, ƙona fatar yake ya ƙara buɗe hanya. Ruwa mai gudu da sabulu, shikenan. Idan jini ne ya fantsama a ido ko baki a wanke da ruwa mai yawa. Jik na ƙasa ne da gado da kayan aiki, idan mai ƙarfin kashi 3.5 cikin 100 ne kofi 1 a ruwa kofi 6.

Mai tambaya: Na gode Anti, da sabulu na wanke tun a daren. Ga ni a adaidaita ma yanzu. Amma maigida fa? Tsoro nake in faɗa masa ya ce in bar aikin, dama ba so yake ba.

Maman Hanifa: Ki faɗa masa 'yar uwa, a nutse, in da hali ma ku koma wajen likitan tare ya ji daga bakinsa. Za a ce ku yi amfani da kwaroron roba har sakamakon ƙarshe ya fito, to ta yaya za ki yi wannan bai sani ba? Gara ya ji daga bakinki da ya tsinci robar magani a jaka ya je yana tambayar mai kemis ɗin unguwa na mene ne, nan ne fa ake samun babbar fitina.

Dakta na Gwammaja: Duk abin da Matiron ta faɗa haka yake. Ni zan ƙara da mara lafiyan da kika sa wa kanula, amai da zazzaɓi. Ki bibiyi me aka gano yana damunsa. Lokacin rani ne Lassa ke tashi, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, kuma farkonta kamar maleriya ko taifot take zuwa, sai an ga an sha magani zazzaɓi ya ƙi sauka. A Janairun 2020 a garin nan muka rasa likitoci biyu bayan tiyatar wata mai juna biyu da ba a san Lassa gare ta ba. Ba don in tsorata ki ba, amma idan kika ji zazzaɓi cikin kwana 21 kar ki sayi maganin maleriya ki kwanta, ki je asibiti ki faɗi aikinki. Lambar NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, 6232 ce kuma kyauta ake kira. Haka aka sha fama lokacin mashaƙo a 2023, ma'aikata na duba maƙogwaron yara ba takunkumi saboda wai zafi. Ƙa'idar dai ɗaya ce, duk jinin da kika gani ki ɗauka akwai cuta a ciki ko na waye, ko da Alhaji ne mai babbar riga.

Ɗan ambulan: Mu da ke ɗauko mutane a titi namu ya ma fi muni, ba wanda yake tuna mu. Ka je hatsari a hanyar Zariya da daddare, jini ko'ina, gilas a farfashe, jama'a sun taru kowa na ihu a ɗauke shi a ɗauke shi, in ka tsaya sa safar hannu sai a ce ba ka da imani. Ni yanzu kwalin safa na kaina nake saya in ajiye a mota, biyu nake haɗawa in akwai gilas, kuma ba na sauka sai na sa riga mai ƙyalli na ajiye alama nesa da wajen saboda manyan motoci ba sa ganin mutum. In tankar mai ce ko wayar wuta ta faɗo ba na matsawa sai 'yan kwana-kwana sun zo, kowa ya ga abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, tankar mai ta fashe sama da mutum 150 suka mutu. Haka rijiya, mutum ya faɗa wani ya bi shi da igiya ba iska a ƙasa, a fito da gawa biyu. Ku riƙe lambar gaggawa 112, rod sefti kuma 122. Afuwan na kauce daga tambayar, abin ne yake ci min rai.

Anti Matiron: Ba ka kauce ba ɗana, kai ma ka je ka yi rigakafin hantar. Uku ce, yau, bayan wata 1, sai bayan wata 6. Sai a 2004 aka sa ta cikin rigakafin jarirai a Najeriya, duk wanda aka haifa kafin nan kar ya ɗauka yana da ita. Masu shara da masu wanki ma haka, su ma suna yawan sokuwa don su ke ɗaukar abin da muka bari a zanin gado.

Yaya Kwamared: Maganar oga kuma. Kar ki yi faɗa da shi, amma kar ki bar ta a baki. Ki rubuta takarda, rana da lokaci da yadda abin ya faru da wanda kuke duti tare, ki yi kwafi biyu ki ba shi ɗaya ki riƙe ɗaya, ki ɗauki hoton kwalin in ba a kwashe ba, katin asibitin da kika je da rasit duk ki adana. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda NSITF, asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, ke kula da ita, ta shafi masu zaman kansu ma, sai dai ba takarda ba magana. In kina da rijista da NANNM, ƙungiyar nas-nas da ungozoma ta ƙasa, ki sanar da su. Kuma ku haɗu ku duka nas-nas ɗin ku nemi abu uku a rubuce, kwalin allura da za a rufe in ya kai kashi uku cikin huɗu, fitila mai caji a kowane wod, da safar hannu ba ƙidaya. In ke kaɗai kika yi magana ke za a kalla, in ku shida ne ba zai sallame ku rana ɗaya ba. Nawa kwalin yake fisabilillahi, asibitin da ke karɓar kuɗin gado kullum.

Abban Sadiq: Na karɓi gyara Anti. To ni a ɓangarena, maganin da za su ba ta mai yiwuwa TLD ne, ƙwaya ɗaya a rana. Satin farko wasu na jin tashin zuciya ko ciwon kai ko rashin barci, kar ki daina, in ya yi yawa ki koma wajensu. Tunda kina shayarwa wataƙila kina shan maganin ƙarin jini ko kalsiyam, to kar ki haɗa su lokaci ɗaya da shi, haka maganin olsa na ruwan nan, suna hana shi shiga jiki yadda ya kamata. Ki sha TLD ɗin, bayan awa 2 ki sha sauran, kuma ki sa alam a waya a lokacin da dutin dare ba zai sa ki manta ba.