Netwok na daskarewa da zarar na sa kebul na uku tsakanin suwic, taimako dan Allah

Dan_Sabongari: Salam 'yan uwa, masana Cisco ku agaza min. Muna da suwic uku ƙirar 2960 a cibiyar jarrabawar kwamfuta da nake kula da ita, na jera su kamar duwatsun murhu, kowanne da kebul zuwa sauran biyun, don in ɗaya ya tsinke aiki ya ci gaba, to wallahi ina sa kebul na ukun sai fitilun fot duk suka hau ƙiftawa tare ba tsayawa, ping (gwajin isar saƙo) ya mutu gaba ɗaya. Da na leƙa saitin sai na tarar wanda ya haɗa wurin tun farko ya sa no spanning-tree vlan 1, wai kwamfutoci na jinkirin samun IP da safe. In maido da shi ne ko akwai wata dabara?

Injiniya_Zazzau: Wa alaikumus salam. Maido da shi yanzu-yanzu malam, kashe STP, wato spanning-tree, tsarin da ke hana saƙo yin zagaye tsakanin suwic, ganganci ne babba. Firam ɗin Ethernet ba shi da TTL (lambar da ke kashe saƙo in ya yi ta yawo) irin na IP, don haka saƙon broadcast (wanda ake aika wa kowa) ɗaya in ya samu zagaye haka zai ta yawo yana ninkuwa har ya cinye layin, abin da injiniya Radia Perlman ta magance kenan da STP tun 1985. Jinkirin da mutuminka ya gani gaskiya ne, tsohon STP na ƙa'idar 802.1D yana riƙe fot daƙiƙa 15 yana saurare, wasu 15 yana koyon adireshi, 30 kenan kafin saƙon DHCP mai raba IP ya wuce. Amma maganinsa spanning-tree mode rapid-pvst, wato STP mai sauri, sannan ka sa portfast, mai buɗe fot ba jira, a fot ɗin kwamfutoci kawai, kar ka kuskura ka sa a kebul ɗin da ke tsakanin suwic.

Maman_Data: Ƙari a kan bayanin Injiniya, kar ka bar suwic ɗin su zaɓi shugabansu na STP (root bridge) da kansu. Mai ƙaramar lambar fifiko ke zama shugaba, duk kuma suna zuwa da 32768, in aka yi kunnen doki mai ƙaramin adireshin MAC ke ci, sau da yawa kuma shi ne tsohon suwic da ke can lungu. Suwic ɗin da saba (server) ke jikinsa ka ba shi 4096, mataimakinsa 8192. Kuma duk inda ka sa portfast ka haɗa da bpduguard, don ranar da wani yaro zai jona bakin kebul ɗaya a fot biyu ko ya kawo ƙaramin suwic na kasuwa, fot ɗin ya rufe kansa maimakon ɗakin duka ya tsaya.

Dan_Sabongari: Allah ya saka da alheri, na yi, netwok ya dawo. Sai dai show spanning-tree na nuna fot ɗaya Altn BLK, fitilarsa ruwan goro, lafiya kuwa?

Injiniya_Zazzau: Lafiya lau, BLK na nufin STP ya toshe shi, shi ne kebul ɗinka na ko-ta-kwana. Bar ping yana tafiya ka zare ɗaya daga cikin biyun da ke aiki, za ka ga ya koma FWD, wato ya fara wuce da saƙo, nan take. Kar ka manta write memory don adana saitin kafin a ɗauke wuta.