Muhawara: a ci bashin NELFUND dan karanta Biznes Admin?

Nura: Jama'a ni dai ra'ayina kenan, duk wanda zai ci bashin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rancen karatu, dan ya karanta Biznes Admin asara yayi. In likitanci ne ko nas toh da sauƙi, amma Biznes? KASU, jami'ar jihar Kaduna, na yaye su, ABU na yaye su, Kadpoly ma haka duk shekara, ina kamfanonin da zasu kwashe su? Masaƙun Kakuri sun daɗe da rufewa

Anti Binta: Nura kasan sharuɗɗan bashin kuwa ko dai labarin Amurka kake gani a waya? Can ne bashin ɗalibai ya haura dala tiriliyan 1.6 akan mutum sama da miliyan 40 kuma da kuɗin ruwa, shi yasa zakaga mutum ya daɗe yana biya amma uwar kuɗin tana nan. Namu babu ruwa ko kwabo, kuɗin makaranta kai tsaye ake turawa makarantar, in ka nema a ƙara maka 20,000 duk wata, kuma sai shekara 2 bayan bautar ƙasa za'a fara cire kashi 10 na albashinka

Nura: Na sani Anti, muyi lissafi mana. Kuɗin KASU da gwamna Uba Sani ya rage daga 150,000 zuwa 105,000 a 2023, sau 4 ya zama 420,000. Alawus 20,000 in aka biya wata 12 har shekara 4 ya zama 960,000. Jimla miliyan 1 da dubu 380. Ace Allah ya taimake shi ya samu aikin 100,000, ana cire 10,000 duk wata, shekara 11 da rabi yana biya!! ga aure ga haya ga kuɗin mota

Malam Sani: Lissafinka daidai ne amma ka manta abu ɗaya, naira bata tsaye waje guda. Farkon 2023 dala a farashin gwamnati wajen 460 take, a 2024 ta wuce 1,500, tsadar kaya kuma ta haura kashi 30 a shekarar. Bashin da babu ruwa a irin wannan yanayi kullum ƙanƙancewa yake, ka ci kuɗi mai daraja ka biya da mara daraja. Mafi ƙarancin albashi ma daga 30,000 ya koma 70,000 a 2024, alawus ɗin masu bautar ƙasa daga 33,000 ya koma 77,000, shi kuwa bashin yadda ka ci haka zaka biya. Gwamnati ce ke asara anan ba yaron ba wlh

Kawu Isa: Ku kuna ta lissafin takarda. A bani yaro shekara 4 a shagona a kasuwar Gumi, ya koyi saro kaya, ya san wa ake ba bashi wa ba'a ba, in sallame shi da jari, mu gani tsakaninsa da mai digirin wa zai fara gina gida

Hauwa: Kawu Allah ya ƙara girma, amma yara nawa ne ke da kawu mai shago da zai sallame su? Ana yawan kawo misalin Ɗangote, toh shi kansa harkar kasuwanci ya karanta a Azhar, kuma jarin farko a dangin mahaifiyarsa, gidan Ɗantata, aka ranta masa. Yaya Nura kuma kana magana kamar an ajiye miliyan ɗaya a tebur ance zaɓi karatu ko jari. NELFUND bata bada jari, in baka shiga makarantar gwamnati ba ko sisi baka gani. Zaɓin ɗan talaka na gsky shine karatu da bashi ko zaman majalisa

Nura: Akwai Panteka Hauwa, walda ce gyaran mota ne, babu bashin kowa

Hauwa: Toh mu mata fa, Pantekan zamu?

Malam Sani: Inda Nura yake da gaskiya shine kwalin shi kaɗai baya kawo albashi. Bankuna da yawa yanzu ma'aikatan kwantiragi suke ɗauka, ga iyakar shekaru ga sai sakamako mai kyau, in yajin aiki irin na 2022 da ASUU tayi wata 8 ya riske ka shekarun naka sun tafi a banza. Wanda ya karanta akantin ya haɗa da jarabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ANAN ya iya Excel sosai, hanyarsa daban da wanda ya haddace handaut ya fito da kwali kawai. Ni da za'a ji shawarata kuɗin makarantar kaɗai yaro zai ranta, in gida zasu iya ciyar dashi ya bar alawus ɗin, dan shine yafi kashi biyu cikin uku na lissafin da Nura yayi

Ustaz Kabiru: Abinda ke damuna daban ne. Yara da yawa suna cike fom ne da niyyar bazasu biya ba, wai rabonsu ne na arzikin ƙasa. Bashi bashi ne ko na gwamnati, kuma mun san yadda addini ya tsananta akan wanda ya mutu da bashi a kansa. Wanda zai ci ya ci da niyyar biya

Anti Binta: Wannan haka yake Ustaz. Amma dai kar a tsorata yara, wasu da babu wannan rancen da tuni sun ajiye karatu tun da aka cire tallafin mai kuɗin mota ya ninka

Kawu Isa: Ni har yanzu ba wanda ya gaya min me ake koya musu shekara 4 da babu shi a kasuwa

Malam Sani: Rubuta shige da fice na kuɗi Kawu, da raba kuɗin shago da na cefane. Shagunan kasuwa nawa ne suka ruguje da mai su ya rasu saboda komai a kansa yake babu littafi?

Kawu Isa: Wannan kam littafin 500 da biro sun isa

Nura: Toh Malam Sani na ji na akantin da ICAN. Biznes Admin zalla dai har yanzu ban sauka ba