Neman shawara: ƙaguwata ta ɗauki ƙwai, yaya zan yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan ina kiwon ƙaguwar tudu a akwatin gilashi mai yashi. Jiya na lura da ƙwai cunkus a ƙarƙashin cikinta. Tun daren jiya kuma sai kai-komo take, tana neman hawa bango. In na zuba mata ruwan famfo da yawa, za su ƙyanƙyashe?

Wani mamba: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sa rai. Irin waɗannan ƙaguwa a tudu suke zama, amma haihuwarsu sai teku. Uwar kan riƙe ƙwan kamar mako biyu, sannan ta gangara bakin teku ta karkaɗe shi cikin ruwan gishiri. Abin da ke fitowa bai ma yi kama da ƙaguwa ba, 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu yawo a ruwa. Sai sun yi makonni suna saɓa, suna sauya siffa, kafin su hau tudu. Ruwan famfo kashe su zai yi. Kai-komon nan da ka gani, hanyar teku take nema.

Wata mamba: Haka ne. Dubi jajayen ƙaguwar tsibirin Kirsimeti, mallakin Ostareliya a tekun Indiya. Da damina ta faɗi, wajen Oktoba ko Nuwamba, miliyoyinsu ke barin daji su nufi gaɓa, har hanyoyin mota ake rufe musu. Mace ɗaya kan ɗauki ƙwai har 100,000, tana sakinsu da asuba lokacin da wata ya kusa ɓata. Duk da haka, a wasu shekarun kusan babu jaririn da ke dawowa, kifaye sun cinye. To balle akwatinka!

Wani mamba dabam: Ku dakata, ba dukansu ba. Akwai ƙanana irin Geosesarma na kudu maso gabashin Asiya da ba sa bukatar teku, 'ya'yan na fitowa da siffar ƙaguwa sak. Malam, ƙwan manya ne 'yan kaɗan, ko ƙanana kamar gari?

Mai tambaya: Ƙanana ne ƙwarai, ba sa ƙirguwa.

Wani mamba dabam: To na teku ne. Ka bar batun 'ya'ya, ka kula da uwar. Abin numfashinta irin na kifi ne, in ya bushe ta mutu, shi ya sa a daji take haƙa rami har ta cim ma ruwa. Yashin ya zama mai zurfi da damshi, ka ajiye kwano biyu marasa zurfi, ɗaya ruwan daɗi, ɗaya na gishirin teku. Busasshen ganye da 'ya'yan itace su ne yawan abincinta, nama jefi-jefi. Ranar da ta binne kanta ta ɓace maka, saɓa take yi, jikinta laushi ne a lokacin. Don Allah kada ka tono ta.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Yanzu zan ƙara yashin, don bai kai rabin tsawon yatsana ba.